Rubutu a Galan Ɗin Feshi

A kwas ɗin da aka tura Malam Hambali ya yi a Zariya, an koya masa cewa a ajin manya malami da ɗalibi ɗaya suke. Ba tsawa, ba bulala, a jera bencuna a zagaye kowa ya ga fuskar kowa. Ya dawo ƙauyensu na gefen Bunkure da wannan ilimi a ka, aka ba shi ajin yamma na manoman rani a firamare. Komai ya tafi daidai har ranar da Alaramma Dalhatu ya sa ƙafa a ajin, ya ce shi ma a koya masa karanta abin da ke jikin buhun taki.

Alaramma ne ya fara ɗora wa Hambali allo a cinya, har yanzu kuma akwai shatin dorinarsa a gadon bayansa. Duk garin an san bakinsa. Wani direban tarakta da ya taɓa ɗaga masa murya, an ce yana can tasha a Kano yana hira da kansa.

Hambali ba zai iya tsayawa a kan Alaramma ba, ba kuma zai haɗa benci da shi ba. Sai ya sauka ƙasa. Manoman, da yake yawancinsu a gaban tsohon suka yi karatu, suka bi shi. Aji ya koma tsoho ɗaya a kan benci, kowa a siminti, malami yana rubutu a gindin allo a durƙushe. Ba a yi maganar irin wannan daidaito a Zariya ba.

Darasin da ke gaba na maganin feshin tumatir ne: kada a zuba abin sha a galan ɗinsa ko da an wanke. Alaramma kuwa kullum da irin galan ɗin yake zuwa, mai hoton ƙoƙon kan mutum a jiki. A ciki yake zuba rubutun sha da yake wanke wa mutane daga allo. Hambali ya dubi galan, ya dubi mai galan, ya tsallake darasin. Ya yi ta maimaita na taki har manoma suka haddace. Ya gaya wa kansa galan ɗin ya tsufa, ya sha wanki, ga shi ba wanda ya mutu.

Ranar Laraba Alaramma ya zo da sabo. Tun daga ƙofa warin ya riga shi shigowa, warin nan mai hawa kai da ake ji a gona ranar feshi.

"Wancan ya fashe," in ji shi, yana ajiye shi tsakanin ƙafafunsa. "Iliyasu ya ba ni wannan jiya. Allah ya yi masa albarka."

Iliyasu, wani manomi mai faɗin baki, ya washe haƙora daga ƙasa. "Sabo fil, Alaramma. Jiya na ƙarar da maganin."

Alaramma ya juyo wajen Hambali.

"Hambali, matso."

Ya matsa da gwiwoyi.

"Na iyalinka ne. Na ji an ce watanta ya kama. Na sauƙin haihuwa ne, ta shanye kafin magariba."

Ya miƙa hannu biyu ya karɓa, don haka ake karɓa. Rubutu ba a zubar da shi a ƙasa, ba a kuma mayar wa malami. Yana ta lissafin ko ya kai bakin kwatar noman rani ya tuttular a ruwa mai gudu ba wanda ya gani, sai ya lura galan ɗin bai yi nauyin da ya kamata ba. Ya ɗan girgiza shi. Ruwan yana can ƙasa.

"Allah gafarta Malam, kamar bai cika ba."

"Na biya ta gidanka. Zuliha ta sha rabi a gabana. Yarinya mai ladabi, ta yamutsa fuska amma ta shanye."

Bai san lokacin da ya miƙe ba. Sai ganin kansa ya yi a tsaye, yana kallon tsakiyar rawanin Alaramma daga sama, abin da bai taɓa gani ba tunda aka haife shi. Wani ya ja masa ƙafar wando.

"Guba ce," ya ce. Muryar ta fito siririya kamar ta yaro. "Alaramma, guba ce a cikin galan ɗin nan. Tana kashe mutum."

"Kai, Malam, zauna!" in ji Iliyasu. "Ayar Allah kake ce wa guba?"

Alaramma ya ɗaga hannu, Hambali ya runtse ido yana jiran abin da ya sami direban tarakta. Galan ɗin kawai tsohon ya karɓa. Ya buɗe, ya sansana, ya daɗe yana kallon hoton da ke jiki.

"Tun yaushe ka san wannan?"

"Tun Zariya."

"Kana kallona ina shiga da shi gidajen mutane?"

Hambali ya fita a guje, ya bar takalmansa a ƙofa, ya bi gefen kwatar ruwa yana zamewa a laka. Mata masu tsinkar tumatir suka miƙe suna kallon malamin boko yana gudu kamar an koro shi.

Ya tarar da Zuliha a tsakar gida ta dafa turmi. Zaninta ya jiƙe sharkaf da gumi, yawu yana zuba daga bakinta tana sharewa, yana sake zubowa.

"Malam, lafiya? Wai aikin rubutun ne ya fara. Iya ta ce naƙuda ce."

Ya riƙe fuskarta ya dubi idanunta. Ƙwayar idon ta tsuke ta koma kamar kan allura.

A waje aka taka birki. Motar kwasar tumatir ce, Alaramma ya tare ta a titi ya sa aka sauke kwanduna. Ya shigo ba sallama, rawani a kwance a wuya, yana haki.

"Me ake yi mata? Faɗa mini in yi."

Hambali ya buɗe baki. Darasin ya faɗi abin da ake yi kafin a kai ga likita, amma da yake bai yi niyyar koyar da shi ba, bai karanta har ƙarshe ba.

"Asibitin Kura," ya ce. "Ku kama mini ƙafafunta."

Suka kwantar da ita a bayan motar. Direba ya ce hanya ta lalace wajen gada, sai a hankali. Zuliha ta damƙe hannun Hambali, yana jin yatsunta suna karkarwa su kaɗai.

"Malam," ta ce, "tun ɗazu ɗan cikin bai motsa ba."