Isit Ya Yi Kuka Ta Hagu

Babana ya fi shekara talatin yana kai baƙi gindin tsaunin Api a kwale-kwale, amma bai taɓa hawa ya ga duwatsun da ake zuwa gani ba. Ya san su a jikin riguna, ya san su a kalandar coci, ya san su a bakin Turawan da ke dawowa suna ɗingishi. In an ce, "Tama Uring, kai yaushe za ka hau?" sai ya ce, "Gudu za su yi? Dutse ne fa, ba barewa ba." Abin da aikin ya bar masa shi ne ciwon gwiwa da kunnen hagu da ƙarar inji ta cinye. Kowa a gidanmu ya sani, in kana da magana da Baba, ta dama za ka zagayo.

Ni ce Uring ɗin da ake kiransa da sunana, don a wajenmu Tama Uring na nufin baban Uring. Ina aiki a kantin magani a birnin Miri, kuma duk Kirsimeti sai na ce masa baɗi zan kai shi. Bana shi ya kira ni da kansa.

"Ke, kafin ido ya bi kunne, ina so in ga abin nan."

Jalong, ɗan ƙanen Baba, shi ne jagoranmu. A hannun Baba ya koyi riƙe sandar tura jirgi, har yau ba ya iya haɗa ido da shi. Da muka isa sansani da yamma, ya karanto mana dokar gandun dajin yana kallon ƙasa: wanda bai kai tsanin farko da aka kafa a jikin dutsen a kan lokaci ba, jagora zai juyo da shi, ko waye shi.

"Ji ɗan banza," in ji Baba. "Jiya-jiya nake tsamo ka daga ruwa kana kuka, yau ni kake yi wa doka?"

"Baba, ba tawa ba ce."

"To ka ɗaure takalminka da kyau, kada tsoho ya ba ka kunya."

Da gari ya waye muka kama hanya. Hanyar ma sunanta hanya. Saiwa ce da igiya da dutsen farar ƙasa mai kaifi kamar fasasshiyar kwalba. Da farko Baba ne a gaba, yana tsokanar wasu 'yan Koriya da ba sa jin ko kalma ɗaya. Can sai ya koma tsakiya. Can kuma sai mu uku kaɗai, 'yan Koriya sun wuce da nasu jagoran. Baba ya daina magana. Yakan ɗaga ƙafa da hannu biyu ya ɗora a kan saiwa, ya tsaya wai yana gyara hula.

Jalong ya duba agogo, ya dube ni. Na harare shi. Ya sake dubawa. Gumi na zubo masa, kuma ba na hawa ba ne. Tsani na can sama, rana ta yi nisa, shi kuwa ya rasa bakin da zai ce wa wanda ya raine shi ya juya.

Sai Baba ya ɗaga hannu.

"Ku tsaya. Kun ji? Isit ya yi kuka ta hagu."

Isit ɗan tsuntsu ne mai dogon baki. Kakanninmu in ya yi musu kuka ta hagu, ko gona za su, gida suke komawa. Amma Baba dattijon coci ne, shi ke yi wa tsofaffi faɗa a kan wannan camfi. Raina ya ɓaci.

"Haba Baba! Hutuna na kashe, mun taso tun daga ƙauyenmu Long Terawan, sai yanzu ka ce tsuntsu? Me za ka gaya wa fasto?"

"Fasto ba ya nan. Tsuntsu yana nan."

"Ni ban ji komai ba!"

"Ni na ji, Yaya," in ji Jalong, murya ƙasa-ƙasa. "Ta hagu ne."

Na juyo zan wanke shi tas, sai na ga idonsa ya ciko. A nan na gane. Ta hagu. Kunnen Baba da ko tsawa ba ya ji.

Baba ya zauna a kan saiwa ya kwance ƙunshin shinkafarsa. "Tsuntsun nawa ne, bai san mutanen birni ba. Ke ki hau. Jalong, kira abokinka jagoran 'yan Koriya su jira ta a tsani. Ni da kai mu gangara, kada in bar ka kai kaɗai ka ɓata."

Na hau. Na ga duwatsun, tsirara, farare-farare, sun huda daji sun miƙe kamar wuƙaƙen da aka kafa ta ƙota, gajimare na ratsa su. 'Yan Koriya na ihu suna rungumar juna. Ni ban taɓa ganin abu mai kyau da ya baƙanta mini rai irin wannan ba. Na ɗauki hotuna, na sauko.

A sansani na miƙa masa waya. Ya matso da ita, ya nesanta ta, ya daɗe yana kallo.

"Kamar na kalanda," ya ce. "Ashe ba ƙarya suka yi ba."

Washegari a kwale-kwale, wani yaron ne ke riƙe da inji. Baba na zaune ya juya baya yana kallon tsaunin har ya soma shigewa bayan itatuwa. Ina kusa da shi, kafaɗa da kafaɗa. Na ce, "Baba, ina ma shekara goma da suka wuce muka zo, lokacin da gwiwarka ke da ƙarfi."

Bai waiwayo ba. Ta hagunsa na zauna, kuma ban iya tashi na zagaya ba.