Gidan Tururuwa na Gindin Gawo

Shekarar da damina ta ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Nasara bai daɗe da shigowa ƙasar Gumel ba, mutanen Ɗanzomo suka koma tonon gidajen tururuwa. Kowa ya san tururuwa na tara 'ya'yan ciyawa a ɗakunanta na ƙarƙashin ƙasa, su ƙarangiya da burburwa. Kafin bazara ta raba, duk gidan da ke kusa da gari an tone shi har gindi, ya mutu.

Saura ɗaya, can bayan wata jigawa, a gindin gawo. Rakiyya ce kaɗai ta san shi. Mijinta ya tafi Kano neman hatsi bai dawo ba, ya bar ta da 'ya'ya uku, Larai da Hudu da ɗan autansu Cindo. Da wannan gida take riƙe da ransu.

Ba ta tonawa da kanta, su take sawa. Ta koya musu shafa toka a ƙafa har gwiwa don kada tururuwa ta hau su. Ta koya musu bin layin masu ɗauke da kaya har bakin rami, su buɗe ɗakunan sama kaɗai, iyakar gwiwar hannu, su kwashe a faifai. Ƙasar da aka tono kuma ba a tara ta a bakin rami, don yashin jigawa ruftawa yake yi. In an gama a mayar da ƙasa, a zuba tafi guda a bar wa masu gida. Hudu ya taɓa yin gunaguni, wai su da cikinsu ke kuka ne za su ciyar da ƙwari.

"Uwarsu na can ƙasa, wajen saiwar gawo," in ji Rakiyya. "In ta mutu, duk sun watse. To kai za ka bi daji kana tsinto mana ƙwaya ɗai-ɗai da baki?"

Tokar ce ta tona musu asiri. Badaru, ƙanen mijinta, mai haƙar rijiya, ya ga sawu fari-fari ya nufi gabas, ya bi. Suna durƙushe suna sheƙe ƙwaya sai ga inuwarsa a kansu, dagi a kafaɗa, taiki a hammata. Ya rame har haƙarƙarinsa sun fito.

"Matata," ya ce da Rakiyya, kamar yadda ya saba tsokanarta tun tana amarya, sai dai yau babu dariya a ciki. "Ashe rumbu gare ki kika ɓoye wa miji."

Ta ce masa ya kawo ƙoƙo ta raba masa na yau, gobe ma ya zo, jibi ma. Ya ce nonon matarsa ya ƙafe, jaririnsa ko kuka ya daina, shi ba ƙoƙo ya zo nema ba, taiki zai cika. Ta miƙe ta tsaya a kan bakin gidan, ta ce sai dai ya fara tone ta.

Ya hankaɗe ta. Ta tashi ta kama ƙotar dagin da hannu biyu, suka yi ta ja, ƙura ta tashi. Ta kafa masa haƙora a tsintsiyar hannu har sai da ta ji gishirin jini a bakinta. Ya fizge, ya juya dagin ya sauke mata ƙarfen a damtse. Ƙashin ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Ta faɗi, hannun ya lanƙwashe inda ba gaɓa. Hudu ya ruga ya rungume ƙafarsa, Badaru ya yi ƙwallo da shi, yaron ya bugi gawo, hancinsa ya fashe. Cindo ya tsandara kuka.

Badaru bai waiwaya ba. Haƙa sana'arsa ce, nan da nan ya wuce gwiwa, ya wuce ƙugu, yana fasa ɗaki bayan ɗaki yana ɗura wa taiki. Gaggawa ta sa yana watso yashin nan bakin rami, tsibi sai tashi yake. Ƙafarsa babu toka. Tururuwa ta fito baƙi ƙirin ta hau shi, yana kaɗewa yana zagi yana ci gaba. Rakiyya na kwance tana ganin dagin ya karkata wajen saiwar gawo.

Larai ta dubi tsibin yashin, ta dubi uwarta. Ta zagaya bayan tsibin ta zauna, ta sa ƙafa biyu ta tura da iyakar ƙarfinta. Hudu ya rarrafo da jini a haɓa ya kama mata. Tsibin ya tafi, bangon ramin ya bi shi, Badaru ya nutse har wuya, hannuwansa duka a ciki. Tururuwa ta rufe masa fuska, ta shiga hanci da kunne. Ya buɗe baki zai yi ihu, ta shiga. Idanunsa suka firfito, numfashinsa ya koma gurnani.

Rakiyya ta ja jiki ta matso. Ta ɓangaren gawo ƙasa na da ƙarfi, nan da nan za a fid da shi, amma can uwar take. Ta ɗaya ɓangaren yashi ne zalla, ana kwashewa yana komawa, ga shi mutumin ya fara shiɗewa.

Ta ce da yaran, "Ku tona ta yamma, wajen yashin. Ku faro daga nesa, a kwance."

"Inna, ya karya miki hannu," in ji Larai.

"Baffanki ne. Tona."

Suka tona da faifai da ƙoƙo da farce. Ita kuma da hannunta mai lafiya ta dinga ɗebo ragowar toka tana murza masa a fuska, tana zaƙulo tururuwa daga bakinsa. Sai da rana ta take suka kai ga hammatarsa, suka ɗaura masa zanenta suka ja. Ya fito ya kife yana aman yashi, fuskar ta kumbura har ido ɗaya ya rufe.

Ta sa Hudu ya zazzage taikin, ya cika ƙoƙo ɗaya ya ajiye gaban baffansa. Badaru ya ɗauka, bai dubi kowa ba, ya tafi yana tangaɗi, ya bar dagin nan. Sauran ƙwayar ta raba biyu, rabi nasu, rabi aka mayar cikin rami, yaran suka cike shi da hannu.

Hannun Rakiyya bai sake miƙewa daidai ba. Kwanaki suna zuwa gindin gawo ba sa ganin motsin komai, rabin nasu kuma yana ƙarewa. Wata safiya Cindo ya tsuguna yana nuna wani ɗan huji sabo a jikin saiwa. Siririn layin tururuwa ne ke fita, wasu har sun juyo da kaya. Hudu ya kai hannu ga faifai, Larai ta buge hannun, ta ce sai sun tara tukuna.