Tsanin da Ke Zuwa Bayan Mai Gemu

Lu'ulu'un da Dogo yake aunawa bai kai ƙwayar shinkafa ba. A cikinsa akwai ƙananan maganaɗisai jere kamar allurai, kowace ta ɗan karkace daga maƙwabciyarta, har jerin ya murɗe kamar igiya, ƙarfin wannan yana kashe na wancan. Idan aka sanyaya shi a cikin injin awo na ɗakin gwajin sashensu, aka riƙa ƙara masa ƙarfin babban maganaɗisu, murɗiyar takan sunkuya a hankali har ta miƙe. A allon kwamfuta, layi ne mai hawa sumul.

Sai ga shi wata safiya layin ya yi tsalle a tsakiya, kamar tsani, alamar allurai sun sake sahu farat ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganin haka a wannan lu'ulu'u. Washegari tsanin ya ɓace. Bayan kwanaki ya dawo.

Murna ba ta daɗe a zuciyar Dogo ba, don ya lura da wani abu: tsanin ba ya fitowa sai ranar da ya karɓi injin daga hannun Mai Gemu, mijin yayarsa, wanda suke karɓa-karɓa da shi a ɗakin gwajin. Mai Gemu kuwa shi ya fara neman a ba shi wannan lu'ulu'u, shugaban sashe ya ba Dogo. Tun ranar, gaisuwarsa ta yi yawa, dariyarsa ta yi tsawo.

Taron sashe ya matso. In Dogo ya tsaya gaban jama'a ya nuna tsanin, daga baya ya zama na bogi, sunansa ya ɓaci ke nan.

Ya je gidan yayarsa don ya ɗan bugi cikinta. Tana ninke kayan wanki a falo.

"Yaya, maigidan yana maganar aikina a gida?"

"Yana yi mana. Ya ce har hira kake da dutse." Ta ɗago ta dube shi. "Auta, wannan kallon na san shi. Shi kake yi mini muna yara idan takalminka ya ɓata, alhali yana ƙarƙashin gadonka."

Ya fito zarginsa ya ƙaru. Ashe ana maganarsa.

Ranar canjin hannu ya zo da wuri, ya tsaya bayan tukunyar iskar sanyi, inda ƙarar famfo ke rufe motsin mutum. Mai Gemu ya zaro sandar da ke riƙe da abin gwajinsa daga injin, ya danna maɓalli, ƙarfin maganaɗisu ya sauka kai tsaye. Ya ɗauki jakarsa.

Dogo ya fito daga bayan tukunyar. "Dakata, Yaya. Ba ka yi masa lilo ba."

Dokar ɗakin ce: a sauke ƙarfin da lilo, gaba da baya, yana raguwa har ya mutu. In an sauke shi kai tsaye, allo zai nuna sifili, amma saura na nan maƙale a cikin naɗin wayar maganaɗisun.

"Kai, ƙanin matata! Gadi ka koma? A ba ka tocila?"

"Ka bar mini guntun ƙarfi a ciki. Lu'ulu'una yana sanyi a ƙarƙashinsa ban sani ba."

"Ni ban taɓa yin lilon nan ba, cin lokaci ne. Mai hankali yakan share injin da kansa kafin ya sa kayansa."

"Da gangan ka yi?"

Mai Gemu ya shafa gemunsa. "Da gangan na yi lalaci, wannan kam na amsa."

Bayan ya fita, Dogo ya yi lilon da hannunsa, ya sanyaya lu'ulu'un, ya auna: layi sumul. Ya ɗumama shi, ya bar ɗan ƙarfi da niyya, ya sake sanyayawa. Tsanin ya fito, daidai inda ya saba. Sai ya gane: ɗan sauran ƙarfin nan ne ke sa murɗiyoyin duka su fuskanci gefe guda tun suna kafuwa, shi ya sa suke juyawa tare. Tsanin gaskiya ne. Amma da an bi doka, da ba a taɓa ganinsa ba.

Ya tarar da Mai Gemu a baranda yana shan shayi, ya faɗa masa abin da ya gano.

"Madalla," in ji shi, ko mamaki bai nuna ba. "To sunana fa? Gaba ko baya?"

Abin da ya tsaya wa Dogo a rai ke nan, rashin mamakin. In tarko aka ɗana masa, me zai gode? In kyauta ce aka yi masa a ɓoye, to ya zargi mai kyauta. In kuwa lalaci ne zalla, ana saka wa lalaci?

A taron, sunaye biyu ne a saman allo, na Dogo a gaba. Mai Gemu yana layin farko, ya fi kowa tafi. Dogo yana bayani yana satar kallon hannayen nan, yana neman ya gane wane irin tafi ne.