Inda Yaya Ta Tsaya

Shekara ashirin da shida Auta yana jan bas, har bayansa ya fara yi masa gardama. Likita ya ce ko ya sauka daga kujerar direba da ƙafarsa, ko wata rana a sauke shi ranga-ranga. Ana cikin haka gurbi ya buɗe a ofishin kamfaninsu, na mai tsara fitar motoci, aikin zama a inuwa. Sai dai akwai jarrabawa ranar Asabar, da lissafi a ciki. Ya sayi littafi, ya yi kwana uku yana harararsa, lambobi da haruffan da aka kulle cikin baka biyu suka tsaya masa a wuya. 'Yarsa ta gwada koya masa, suka tashi kowa na huci.

Duk duniya mutum ɗaya ce ta taɓa cusa masa lissafi ya zauna, don haka ranar Talata da hantsi ya nufi shagon ɗinkin yayarsa.

Ya same ta a kan keke, tabarau a karan hanci, zare a leɓe. Da ta ga ƙaton mutum da furfura ya rungumo littafin 'yan makaranta, dariya ta ci ta har da tari. Ta ture almakashi da ƙyallaye daga teburin yanka, ta kifa wata tsohuwar takardar fasalin riga, ta rubuta 3(x + 4) da allin tela, ta miƙa masa. Ya yi ta muzurai, ya rubuta 3x + 4.

"Auta, har yau ba ka iya gaisuwa ba?" in ji ta, ta ƙwanƙwashe shi a yatsa.

Nan take ya ji ƙamshin kicin ɗin gidansu na da. A bayan ƙofar kicin ɗin take yi masa darasi da gawayi, tana 'yar shekara goma sha huɗu, shi yana sha ɗaya. Duk abin da aka koya musu a aji sai ta dawo ta juye masa, yana so ko ba ya so, Mama na faɗan an baƙanta mata ƙofa. A can ta ce masa baka ɗaki ne, lambar waje kuma baƙo, in ya shiga dole ya gaisa da kowa, ba ya gaida na bakin ƙofa ya share na ƙurya ba. Kewar wannan ƙofa ta kama shi, da ta Mama da faɗanta.

Ya goge, ya rubuta 3x + 12. Ta ƙaro masa mai wuya, 5(x + 2) − 2(x − 3), ta tuna masa cewa baƙon da ya zo da alamar ɗebewa fitinanne ne, duk wanda ya gaisar sai ya juya masa hali. Ya buɗe su a hankali, ya tara masu x gefe guda, lambobi gefe guda, ya samu 3x + 16. Kafin azahar sun cinye babin, wata mai karɓar ɗinki ta zo ta gaji da jira ta tafi.

Cikin jin daɗi ya juya shafi zuwa babi na gaba, inda ake mayar da abin da aka buɗe cikin baka, ya tura mata littafin. Yaya ta daɗe tana kallon shafin. Ta ajiye allin.

"Nan ban zo ba," ta ce. "Ranar Litinin za a fara mana shi, Baba ya rasu ranar Lahadi."

Auta ya san ta bar makaranta a shekarar, ta kama ɗinki domin su ƙannenta su ci gaba da karatu. Ya san wannan kamar yadda ya san ranar haihuwarsa, bai taɓa tambayar a wane shafi ta tsaya ba. Shi da ya zauna a ajin da aka koyar da babin, bacci ya yi ta yi a bencin baya. Kunya ta rufe shi.

Ita kuwa yatsanta na kan misalin farko, leɓunanta na motsi. Can ta tambaye shi, ba tare da ta ɗago ba, ko zai iya bar mata littafin zuwa Alhamis.

Kwana huɗu suka rage masa, littafin kuma shi ke nan gare shi, ga babi shida bai taɓa ba. Ya buɗe baki zai faɗi haka, sai ya ga ta riga ta jawo sabuwar takarda ta gyara tabarau. Ya tashi a hankali saboda bayansa, ya ce zai zo Alhamis da sassafe ta koya masa. Ba ta ma ji fitarsa ba.