Muryar da Aka Cire Daga Akwati

Wata goma sha huɗu ta yi tana gina manhajar da za ta tafiyar da akwatin. Ɗan ƙaramin abu ne, bai wuce tafin hannu ba, ana jona shi da talabijin mutum ya shiga intanet daga falonsa. Ita ce injiniyar da aka damƙa wa cikinsa: yadda zai tashi, yadda zai buɗe shafi ba tare da ya sandare ba. Ƙwaƙwalwarsa ƙarama ce, komai sai an auna kafin a saka.

Duk da haka ta matse nan ta rage can, har ta samo wa wata murya wuri, wadda ke karanta abin da ke shafi. Don babanta ta yi. Tsohon mai gyaran agogo ne, idonsa ya mutu shekara uku da suka wuce, ga shi mayen jarida. Kullum ta dawo aiki sai ya ce, "Uwata, yaushe akwatinku zai fara yi mini karatu? Ƙannenki in suna karanta mini kamar ana korarsu."

"Ya kusa, Baba."

Saura mako uku a kai manhajar masana'anta, manaja ya kira ta ofishinsa. An yi yarjejeniya da masu talla, dole bidiyonsu ya fito duk sanda aka kunna akwatin.

"Yallaɓai, babu wuri."

"Ki nemo. Me ya fi cin wuri?"

Ta dubi jerin sassan manhajar da ke kan teburinsa. Ya juyo da takardar gabansa, ya ɗora biro a kan layin muryar.

"Mutum nawa za su yi amfani da wannan, Injiniya?"

Kwana huɗu tana neman wata hanya. Ta rage hotuna, ta cire nau'in rubutu biyu, ta sake rubuta sashen da ke tayar da akwatin. Bai isa ba. A rana ta biyar da hantsi ta goge muryar da hannunta, ta gwada, tallar ta fito tsaf. Abokan aiki suka tafa mata.

Da akwatin ya shiga kasuwa aka ba kowane ma'aikaci guda. Nata ta bar shi a jaka, amma ƙanwarta ta gano shi ta jona. Baban ya jawo kujerarsa kusa da talabijin, ya gyara zama. Kiɗan talla ya tashi, ya ƙare.

"To, ya fara mana," in ji shi.

"Ba ya magana, Baba. An cire."

"Wa ya cire?"

"Ni."

Ya daɗe yana shafa hannun kujera. Sannan ya ce a kashe, hasken ma yana sa masa ciwon kai. Ƙanwar ta kama hannunsa ta kai shi ɗaki, ita kuma ta zauna ta naɗe wayoyin ɗaya bayan ɗaya.