Na'urar da Ta Koyi Gaisuwa

Shekara bakwai wayar Nassirou ba ta huta ba. Direban tasi ne, mutumin Maraɗi, mazaunin garin Silver Spring can ƙasar waje, kuma shi ke raba ranaku a ƙungiyarsu ta masu kamun kifi: mutum ashirin da 'yan kai, jirgin ruwa ɗaya tal a bakin kogin Potomac. Duk mai son jirgin sai ya kira shi. Kafin a zo maganar Asabar ko Lahadi an gaisa, an tambayi iyali, ya ji wa aka yi wa haihuwa, wa ke fama da ƙafa. In za a faɗi gaskiya, kiran nan ya fi masa kifin daɗi.

Sai ga Rumasa'u, injiniya 'yar Kano, ta shiga ƙungiyar, ta haɗa musu shafin intanet da layin waya mai amsa kansa. Ranar da ta nuna aikin har da tafi. Alhaji Umaru, dattijon ƙungiyar, ya ce, "Ilimi ke nan!" Nassirou ya yi yaƙe, kishi na cin sa. Shi ko sannu ba a taɓa ce masa a gaban jama'a ba.

Matasa suka rungumi shafin. Dattawa kuwa waya suka sani, kuma nan gizo ke saƙar. Na'urar na ɗauka sai ta ce, "Danna ɗaya don Asabar." Alhaji Umaru ya yi mata sallama, ya tambayi gajiya, ya tambayi gida, ita kuwa ta gaji da jira ta katse. Har sau uku.

"Wannan abu ba shi da tarbiyya," in ji shi. Ya koma kiran Nassirou, sauran dattawa suka bi. Kakar Nassirou ta yanke saƙa.

Rumasa'u ta same shi a wurin ajiye motoci. "Kawu, na gaza. Ka ara mini muryarka."

Kansa ya fasu. Ashe injiniya ma na neman direba! Ya zauna gaban makirufo ya gyara murya. "Salamu alaikum. Ina kwana?" Ya dubi Rumasa'u. "Bar hili nan, ɗiyata. Alhaji sai ya numfasa kahin ya amsa." Gajiya, iyali, sanyi, kowace tambaya da tazararta, har da 'yar dariyar da yake yi kafin ya ce madalla. Bai rage komai ba, don yana so ta ga abin da ba a koyarwa a jami'a.

Ta gani kuwa. Aka ɗora muryar, babu wanda ya sake kuka da na'ura.

Sati uku ba mai kiransa sai fasinja. Haushin Rumasa'u ya wuce, ya koma jin haushin muryar nan da ba ta tuƙi, ba ta gajiya, ba ta taɓa tashi da ɓacin rai. Rannan ya kira layin da kansa, ta gaishe shi cikin fara'a, ya yi tsaki ya katse.

Ranar Juma'a, bayan an idar da salla, ya hango Alhaji Umaru yana laluben takalminsa. Ya ratsa mutane da sauri, ya rusuna, ya miƙa hannu biyu.

"Alhaji, ina yini? Kwana biyu. Ina iyali?"

Alhaji ya dafa kafaɗarsa, idonsa na kan ƙofa. "Haba Nassirou, ai mun gaisa da safe."

Ya zura takalminsa ya wuce.