Fitilar Dogo

Mijina mai ɗaukar hoto ne, ko in ce a da, don yanzu aikinsa zama a falo yana kushe hotunan da mutane ke ɗauka da waya. A bangon falonmu akwai hoton kowane ɗa da jika da Allah ya ba mu, kowanne yana jinjiri a cinyar uwarsa, a kujera ɗaya, a gaban wani labule mai ruwan toka da aka kafe da ƙusa tun ina da ƙuruciyata. Dukkansu da tsohuwar kyamararsa ya ɗauke su, wata baƙa mai nauyi da sai an zura mata fim.

Mutum ɗaya ya rage: jaririyar Auta. Ita kuwa Auta a ƙarshen mako za ta bi mijinta ƙasar da aka tura shi aiki, kuma ba wanda ya san ranar dawowa.

Maigida ya goge kyamara, ya sa fim, ya jona mata fitilar nan mai walƙiya, don lungun labulen duhu gare shi ko da rana tsaka. Ya danna, shiru. Ya canza batir, ya sake dannawa. Fitilar ta yi wani ɗan kuka, ta fitar da ƙauri, ta ce ga garinku nan.

"Mu fita tsakar gida mana," na ce, "ga rana kyauta."

Ya kalle ni kamar na zage shi. "'Yan uwanta duk a nan, ita kuma a gindin igiyar shanya?"

"Baba, ai wayata tana da..." in ji Auta. Bai bari ta ƙarasa ba ya tashi ya shige ɗaki, ko abincin rana bai taɓa ba. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa. Idonsa ya fara rauni, hannunsa yana rawa, kuma tsoro yake kada yarinyar ta tafi ba ta hau bangon ba.

Da yake gwiwa ta hana shi yawo, ni na jefa kyamarar a jaka na shiga layin masu kayan lantarki. Wani ya juya ta yana neman inda ake cajinta. Wani ya kawo min fitiloli sababbi fil, duk irin waɗanda ake ɗorawa a saman kyamara, ba wadda ta zauna. Ƙafata ta kumbura kafin a nuna min wani tsohon mai gyara a ƙarshen layin, a ƙarƙashin bene.

"Wannan ba a kai ake ɗora mata ba," in ji shi. "Kin ga ɗan ramin nan a gefe? Nan ake soka igiyar fitila, kuma bakinsa na daban ne, an daɗe da daina yin irinsa." Ya ɗago gilashinsa ya dube ni. "Ai na san kyamarar nan. Da tata fitilar aka sayo ta. Ki tambayi Dogo."

Dogo kuwa tsohon abokin Maigida ne. Da Dogo suka buɗe shagon hoto tun suna samari, tare suka sayi kyamarar da fitilarta. Wata rana suka ɗauki hoton ma'aikatan wata masaƙa, da aka wanke sai aka ga rabin mutanen sun ɓace a duhu. Maigida ya ce Dogo ne ya ɗaga fitila yana haska silin saboda tsayin banza. Dogo ya ce Maigida ne ya danna kafin fitila ta cika saboda gajen haƙuri. A kan wannan suka raba shago, ɗaya ya ɗauki kyamara, ɗaya fitila. Wadda ta ƙone mana ma daga baya Maigida ya samo ta da kyar. Ni da matar Dogo kuwa ba mu fasa zumunci ba, mun bar su da shirmensu.

Na tarar da Dogo a ƙofar gida yana jin rediyo. Da na gama bayani ya shiga ciki ya fito da abu a naɗe cikin safa. Ya sa batir, ya jira, ya danna wani maɓalli. Walƙiya ta cika min ido har na ga taurari.

"Duk wata sai ya ciro ta ya haska bango," in ji matarsa daga taga. "Wai in ba a kunna ta, mutuwa take."

"Wa ya tambaye ki?" in ji Dogo. Ya juyo gare ni. "Uwargida, ba na ba da aronta. In ana so, ni zan riƙe abata."

"To bisimilla," na ce, kafin ya sake shawara.

Washegari da hantsi ya iso da wankakkiyar riga. Ya gaishe ni, ya gaida Auta, ya yi wa jaririya wasa, har labule sai da ya yaba. Ga Maigida kuwa, "Ya gwiwa?" kawai ya ce. Aka amsa masa da "Da sauƙi," ana kallon taga.

Abin da na manta shi ne igiyar. Tsayinta bai wuce kamu ɗaya ba. Da aka soka ta a ramin ta zauna daram, amma mai riƙe fitila dole ya manne da mai riƙe kyamara. Sai ga kan Maigida a hammatar Dogo, Dogo ya rankwafo kamar zai ɗauke shi.

"Sauke ta ƙasa, ba gizo-gizo muka zo ɗauka ba," in ji Maigida.

"Kai dai jira ta cika, uban gaggawa."

"Kana taka min ƙafa."

"To ina zan kai tawa? In bar ta a gida?"

Auta ta yi ta cije leɓe har ta kasa, ta fashe da dariya, jaririyar ta buɗe ido tana kallon tsofaffin nan biyu. Na ga kyamarar tana karkarwa a hannun Maigida. Dogo ma ya gani. Ya sa ɗaya hannun ya tallafe masa gwiwar hannu.

"Yanzu," in ji Dogo a hankali.

Falo ya yi fari fat. Wallahi sai da na ji hawaye. Daga nan kuma suka ƙi tsayawa, suka ƙarar da fim ɗin a kan duk wanda ya gifta, har da maƙwabciyarmu da ta shigo aron wuƙa.

Ana gobe tafiya aka kawo hotunan daga wurin wanki. Tsofaffin suka haɗa kai a kan na jaririyar, suna neman aibu. A hoton Auta tana dariya har ana ganin haƙoranta na ciki, yarinyar ido a buɗe tar, haske ya sauka daidai daga goshi zuwa ƙafa.

"Ya yi," in ji Maigida.

"Ai fitilar ce," in ji Dogo.

Tare suka rataye shi. Maigida ya riƙe ƙusa, Dogo ya buga, don shi ne hannunsa ke kaiwa. Auta ta ɗaga 'yarta sama ta nuna mata. Maigida ya ja da baya ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya juyo ya karɓi jikarsa.

"To, 'yar gidan," ya ce mata, "yanzu je ki duk inda za ki."